Bitar Wasan Kwaikwayo Da Haɗa Fim Ga Malamai: Ta Ina Za A Fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da horas da malamai a wasu ƙananan makarantun sakandare guda goma a cikin garin Gombe da kewaye. Bara mun yi bita ta kwana biyu a kan koyar da wasan kwaikwayo da haɗa gajeren fim. An kawo masani, ya yi bayani da majigi, an raba takardar shaida, kowa ya yaba. Amma zango biyu sun wuce ban ga malami ko ɗaya da ya gwada abin a ajinsa ba. Da na bincika sai suka ce babu kyamara, yara sun yi yawa, kuma iyaye ba za su yarda ba. Bana an sake ba mu dama. Yaya zan tsara ta don kada a koma 'yar gidan jiya?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, abin da kike nema shi ne yadda ilimin da aka samu a zauren bita zai tsallaka zuwa aji mai yara saba'in ko tamanin, a hannun malamin da ba shi da komai sai minti 40 da alli da wayar aljihunsa. Uzurori ukun nan da malamanki suka kawo kuwa gaskiya suka faɗa miki, kada ki ɗauke su a kan ƙyuya. Duk bitar da ba ta warware su ɗaya bayan ɗaya a aikace ba, a zauren da aka yi ta za a binne ta.

Abin da ya kashe ta bara

Wasan kwaikwayo aikin jiki ne, ɗan'uwan ɗinki da tuƙi. Wanda aka zaunar kwana biyu yana kallon bango ana nuna masa hoton sitiyari, ba zai iya fitar da mota daga Tashar Dukku ba, komai kyawun bayanin. Malamin da bai taɓa tashi gaban abokan aikinsa ya kwaikwayi dattijo ko 'yar talla ba, ya ji kunyar ta kama shi sannan ta sake shi, ba zai iya sa yaro ya yi ba. Don haka ƙa'idar farko da za ki gindaya wa duk wanda zai jagoranci bitar ita ce kada bayaninsa ya wuce minti goma a jere ba tare da an tashi an yi wani abu ba. A kowace awa, minti 45 na aiki ne.

Na biyu, galibi masanin yakan zo da babbar kyamararsa da fitilu, ya nuna abin da suke iya yi, ya naɗe kayansa ya tafi. Abin da malami ya koya a ranar shi ne fim ba na irinsa ba ne. Na uku shi ne zaɓen mahalarta. Idan aka bar wa shugaban makaranta ya turo wanda ya ga dama, sau da yawa wanda layin alawus ya zo kansa ake turowa, ko da lissafi yake koyarwa kuma ba shi da sha'awar abin. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, babu gurbi a jadawalin darasi. Malami ya dawo da zafinsa, shugaban makaranta ya ji hayaniya daga ajinsa ya leƙo ya ce a yi shiru, shi ke nan magana ta ƙare.

Yana da kyau tun a safiyar farko a cire wa malamai tunanin cewa baƙon abu aka kawo musu. Yaran da ke gabansu suna yin tashe idan azumi ya kai goma, su lanƙaya gemun auduga su kama sanda su zama tsofaffi, ba tare da wani ya koya musu a aji ba. Waɗanda suka fito daga Kaltungo ko Billiri sun saba da wasannin da matasa ke shiryawa a coci lokacin Kirsimeti. Malam Aminu Kano, sa'ad da yake koyarwa a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, yana rubuta wa ɗalibansa wasanni suna yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tun shekarun 1970 take fita da ɗalibanta Samaru da ƙauyukan kewaye suna haɗa wasa da mutanen gari a kan matsalolinsu. Ga shi kuma wasan kwaikwayo yana cikin manhajar darasin al'adu da fasahar ƙirƙira na firamare da ƙaramar sakandare. Malamin da ya san wannan yana da abin da zai faɗa wa uban da ya zo da ƙorafi.

Mutum nawa, kwana nawa

Kada mahalarta su wuce 30, kuma 24 ya fi daɗin sarrafawa. Tun da makarantu goma gare ki, ki ɗauki malamai biyu daga kowace, 20 ke nan, sai ki cike da mutum huɗu daga masu duba makarantu, domin su ne za su je su ga ko ana yi. Dalilin mutum biyu shi ne malami ɗaya tilo a makaranta saurin sarewa yake yi, kuma idan aka yi masa canjin wurin aiki ilimin ya bi shi. Ki nemi malaman Hausa da Turanci da al'adu da zamantakewa, ki sa kowa ya rubuto layi biyar a kan darasin da yake ganin zai koyar da wasa. Wanda ya kasa rubuto layi biyar ba zai yi aikin ba. A kowace makaranta a yi ƙoƙari ɗaya daga cikin biyun ta kasance mace, saboda dalilin da zan zo kansa. A raba su rukuni huɗu na mutum shida, jagora ɗaya ga kowane rukuni biyu.

Game da kwanaki, akwai hanya uku. Ana iya yin kwana biyar a jere lokacin hutu, wanda ya fi sauƙin shiryawa amma abin da aka koya yakan huce kafin a koma makaranta. Ana iya yin Asabar biyar, sai dai biki da ta'aziyya da gona za su riƙa cin mutanenki, da wuya ki gama da rabin waɗanda kika fara da su. Wadda na fi amincewa da ita ita ce kwana uku a makon ƙarshe na hutu, a sake su su koma aji mako uku su gwada, sannan a dawo kwana biyu. Kwana ukun farko na wasa ne da rubuta labari, kwana biyun ƙarshe na kyamara. Amfanin tazarar shi ne malami zai dawo da matsalar gaske a bakinsa: na gwada, aji ya rikice a minti na goma, me zan yi? Wannan tambaya ta fi duk wata lacca daraja. Shugabannin makarantu kuma a gayyace su rabin yini a rana ta uku, su kalli darasin gwaji, su sa hannu cewa kowane malami zai sami darasi ɗaya a mako na wannan aiki.

Wasa kafin kyamara

Mutane sukan so a fara da waya saboda ita ce mai ɗaukar ido. Kada ki yarda. Idan aka miƙa kyamara a ranar farko, hankalin kowa zai koma kan gilashin waya, a sami hoto mai kyau na mutanen da ba su san abin da suke yi ba.

Dabara ta farko da za a koya ita ce ƙamewa, wato hoto da jiki ba motsi ba magana. A ba rukuni batu daga manhaja, misali zubar da shara a magudanar ruwa da yadda ruwa ke cin gidaje, abin da duk ɗan Gombe ya sani saboda kwaruruwan da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin gari. A ba su minti biyar su shirya hoto uku: kafin ruwa, lokacin ruwa, bayan ruwa. Jagora ya ƙirga uku ya tafa, su ƙame. Sauran su zagaya su faɗi abin da suka gani kafin masu hoton su yi bayani. Daga nan jagora ya dafa kafaɗar ɗaya, ko ya nuna shi da alli idan ba jinsinsu ɗaya ba, shi kuma ya faɗi jimla ɗaya tak da ke zuciyar wanda yake kwaikwayo. Na fifita wannan dabara a kan sauran saboda ba ta buƙatar hadda, ba ta da hayaniya, mai kunya yana iya yin ta, kuma yaron da Fulatanci ko Tangale ko Tera ya fi ƙarfi a bakinsa ba a bar shi a baya ba. Ita ce kuma gadar zuwa fim, domin wanda ya iya ba da labari da hoto uku ya riga ya fara tunanin mai ɗaukar hoto.

Ta biyu ita ce kujerar tambaya. Malami ya ɗora hula ko ya yafa gyale, ya zauna a matsayin manomin da kwari ya cinye gonarsa, ɗalibai su yi masa tambayoyi. Idan ya cire hular ya dawo malaminsu. Wata malama 'yar Ingila, Dorothy Heathcote, ita ta yi fice wajen wannan salo na malami ya shiga rigar wani don ya koyar. Inda ake kuskure shi ne malami ya mayar da abin barkwanci, aji ya kwashe da dariya, tambayoyi su mutu. A koya musu su rage kwaikwayon murya, su amsa da gaske, su kuma bar wata tambayar ba amsa don yara su yi ta tunani.

Ta uku ita ce wasan tsayar-ka-gyara, wanda Augusto Boal na ƙasar Birazil ya shimfiɗa. A yi wasa na minti uku da ya ƙare ba daɗi, misali yarinyar da talla ke sa ta makara har aka kore ta daga jarrabawa. A sake yin sa, duk wanda ya ga inda za a iya canza abin ya ce "tsaya", ya karɓi matsayin yarinyar ko yayarta ya gwada tasa dabarar, sauran 'yan wasa kuma kada su sauƙaƙa masa. Abu biyu ke lalata shi. Ɗaya shi ne maganin sama-ta-ka, a ce kawu mai kuɗi ya iso daga Abuja ya biya komai. A nan jagora zai tambayi masu kallo: haka take faruwa a unguwarku? Ɗayan kuwa tsohuwar al'adar wasannin makarantunmu ce, a kawo mai unguwa ko liman a ƙarshe ya yi nasiha ta minti biyar. Ki hana wannan a bitarki gaba ɗaya. Da zarar an yi nasiha yara sun daina tunani, an riga an yi musu.

Sai batun yawan yara, wanda dole a yi gwajinsa a zahiri. A rana ta uku a nemo aji guda na gaske, ko a tara yaran unguwa da izinin iyayensu, kowane malamai biyu su koyar da darasi na minti 40 ana kallo. Rabon lokacin da ke aiki shi ne minti 5 na motsa jiki, 5 na bayanin aiki, 12 na shiri a rukuni, 12 na nunawa, 6 na tattaunawa. Aji mai yara 80 a raba shi rukuni goma na takwas-takwas, amma huɗu kawai za su nuna a ranar, minti uku-uku, sauran a makonni masu zuwa. Masu kallo a ba su aiki, misali su rubuta abu ɗaya da suka gani da tambaya ɗaya, in ba haka ba su ne za su tayar da ƙura. Kada a ɓata lokaci wajen jan bencina, a fita gindin bishiya. A kuma yi yarjejeniyar alamar shiru tun kafin a fara, kamar tafi uku da yara za su amsa da tafi uku. Malamin da ya fara ba tare da wannan alama ba, da maƙogwaronsa zai biya.

Labarin da za a ɗauka a rubuta shi a yammacin rana ta uku. A fara da jimla ɗaya mai amsa abu uku: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. 'Yan wasa kada su wuce uku, wuri kada ya wuce biyu. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya, saboda haka shafi biyu ya isa ga fim na minti biyu. Sannan a ninke farar takarda gida shida, a zana kowace ɗauka, wato abin da kyamara za ta ɗauka daga kunnawa zuwa kashewa, a gida guda, ko da zanen mutum ne da 'yan layuka kawai.

Ranar kyamara

Wayoyin da ke aljihun malaman nan, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, sun isa. Kayan da za a saya wa kowace makaranta kaɗan ne: ƙafar kyamara mai maƙalar waya, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga mai doguwar igiya, abin sauraro na kunne, fawa bank, farin kwali biyu, da filash na ajiya. Farashi yana motsi, ki aika a tambayo a kasuwa mako biyu kafin bita, kuma a gwada kowane makirfo da wayar da za ta yi aiki da shi kafin a biya. Wanda bakinsa ke da zobe uku baƙaƙe shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne. Wayar da ba ta da ramin abin kunne tana buƙatar mahaɗi. Wasu wayoyin kuma manhajar kyamararsu ba ta jin makirfon waje, sai an saukar da wata kamar Open Camera an zaɓe shi a ciki.

Kafin a fara, kowa ya goge gilashin kyamara, musamman da hunturu da ƙura ke sa hoto ya yi hazo. A sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka. A saita ingancin hotonta a 1080, wanda ke cin abin da ya kai megabayit 100 zuwa 130 a minti, don haka a tabbatar akwai sararin gigabayit biyar. A riƙe ta a kwance idan a majigi ko talabijin za a nuna, kuma duk rukunin su tsaya a kan hakan. Kada a ja hoto da yatsu don kusantowa, yana fashewa, mai ɗauka ya taka da ƙafarsa.

Aikin farko shi ne labari da ɗauka biyar ba magana: wani ya shigo aji ya tarar an ɗauke masa littafi. Hoton nesa mai nuna wuri, hoton rabin jiki, hoton fuska, hoton hannu a kan tebur, sai hoton abin da idonsa ke kallo. Awa ɗaya ta isa, a kalla tare, a gyara. A nan ne ake koyar da layin da ba a tsallakawa. Idan mutum biyu suna magana, a ja layi da alli a ƙasa daga ƙafar wannan zuwa ta wancan, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har a gama fitowar. Idan ta tsallaka, a fim za a ga su biyun suna kallon gefe guda kamar ba da juna suke magana ba. Haka nan a ƙirga uku bayan an danna kafin a ce a fara, a ƙirga uku bayan an gama kafin a kashe, domin mai tacewa, wato mai datsa da jera hotuna, ya sami wurin yanka.

Haske a garinmu yawa yake yi, ba ƙaranci ba. Daga bayan hantsi zuwa azahar rana tana saman kai, idanu su zama ramuka baƙaƙe. Lokacin ɗauka a waje shi ne daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, sai kuma bayan la'asar. Inuwar dogonyaro tana yaudara, domin hasken da ke ratsa ganye yakan yi wa fuska dabbare-dabbare, gara inuwar gini. A cikin aji taga ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa, in ta kasance a bayan ɗan wasa sai ya zama inuwa. Matsalar da ta fi damun makarantunmu ita ce farin hijabi da farar riga: waya takan auna haskenta da farin, fuskar yarinya ta yi duhu. Maganinsa a danna fuskar a gilashi a riƙe har ta kulle, sannan wani ya riƙe farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske kan fuskar. Idan hoto yana rawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, waya kuma galibi tana ɗaukar hoto 30, sai a mayar da ita 25 idan tana da shi, in babu a kashe ƙwan a dogara da taga. A watannin Maris da Afrilu waya takan yi zafi ta tsaya da kanta, a cire mata riga a riƙa ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka.

Sauti kuwa shi ne inda finafinan makaranta suke mutuwa, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi girma na ranar. Mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu, amma ba zai zauna wa maganar da ba ya ji ba. Makirfo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a maƙale shi ta waje, domin in aka cusa shi ƙarƙashin hijabi ƙarar gogar yadi kawai za a ji. In babu makirfo, a sa waya ta biyu a aljihun gaba ko a bayan littafi a kan tebur tana naɗar murya, a tafa sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da wannan tafin za a daidaita murya da hoto daga baya. Kafin a zaɓi wuri, duk rukunin su rufe ido minti ɗaya su saurara: janareta, injin niƙa, Keke Napep, fanka, ajin da ke maƙwabtaka suna bitar karatu. Kunne ya saba da su ya daina ji, makirfo bai saba ba. Da damina rufin kwano ba ya barin a ɗauki magana ko yayyafi ake yi. A tsara aiki yadda za a tsaya kafin kiran salla. Bayan kowace ɗauka a zare makirfo a sa abin kunne a saurara nan take, kada a bari sai an koma zaure. A ƙarshe a naɗi shirun wurin na daƙiƙa 30, da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

Ki lura da lissafin lokaci. Sababbin hannu sukan ci kusan minti goma a kowace ɗauka. Fim na minti biyu mai ɗauka 15 zai ci awa biyu da rabi. Rukunin da ya ce zai yi na minti goma ba zai gama ba, kuma malamin da ya bar bita da aikin da bai kammalu ba ba zai sake taɓawa ba. Mutum shidan nan kowa da aikinsa: mai ba da umarni, mai kyamara, mai sauti, mai allo da ke rubuta lambar fitowa yana kuma lura kada hula ko jaka ta canza wuri, da 'yan wasa biyu. A riƙa juyawa, kuma ki sa ido, don in aka yi sake maza za su riƙe waya, mata su koma riƙon jaka.

Tacewa a rana ta ƙarshe, a waya, da manhajar CapCut ko KineMaster ko InShot, duk rukunai su yi amfani da guda ɗaya. A jera ɗauka bisa zanen takarda, a datse, a gyara sauti, rubutun suna ya zo a ƙarshe. A hana kiɗa da walƙiyar sauya hoto sai an kalli fim ɗin an gane labarin ba su. Waƙar wani kuma kada a ɗora, Facebook da YouTube suna iya kashe sautin, ga haƙƙin mai ita. Wajen tura hotuna tsakanin wayoyi a yi da Xender ko igiya, domin WhatsApp yana matse bidiyo sai in an tura shi a matsayin fayil.

Iyaye da 'yan mata

Tsoron iyaye yana da tushe. Uba ya ji an ce fim, abin da ya zo masa shi ne rawa da waƙa, da hoton 'yarsa yana yawo a wayoyin mutane. Ba a kawar da wannan da musu. Bita ta ware awa biyu a kansa, kowane malami ya fita da takardar neman izini da aka rubuta da Hausa mai sauƙi, wadda ta raba abu uku: yaro ya shiga wasa a aji, a ɗauki hotonsa a nuna a makaranta, a sa shi a intanet. Uba yana iya yarda da na farko ya ƙi na uku. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Shawarata ita ce a shekarar farko kada a sa komai a intanet. A fara nuna wa kwamitin iyaye da malamai, a gayyaci mai unguwa da limami da fasto su gani da idonsu. Duk atisayen da akwai 'yan mata malama ta kasance a wurin, a yi shi cikin lokacin makaranta, ba taɓa juna tsakanin maza da mata, kuma hotuna su koma filash na makaranta a goge su daga wayar malami. Yarinyar da ba a yarda ta fito ba tana iya zama marubuciya ko mai kyamara ko mai tacewa, sau da yawa ma a nan ake samun waɗanda suka fi kowa.

Bayan an watse

Kada ki raba takardar shaida a ranar rufewa. Ki ce sai malami ya koyar da darasi huɗu da waɗannan dabaru, ya kawo tsarin darasin, ɗalibansa kuma sun haɗa fim ɗaya na minti biyu da hannunsu. A buɗe zauren WhatsApp na mahalarta, masu duba makarantun nan huɗu su ziyarci kowane malami sau ɗaya a cikin mako shida, a ƙarshen zango a haɗu a makaranta ɗaya a kalli finafinan. Wajen dubawa a tambayi yara wa ya riƙe wayar, domin wani malamin zai ɗauka da kansa don ya yi kyau, alhali karkataccen hoton da yaro ya ɗauka shi ake nema.

Kwana biyar ba za su mayar da kowa darakta ba, kuma wannan tsari na ƙaramar sakandare ne. A firamare sai a tsaya a ƙamewa da kujerar tambaya, a bar kyamara a hannun malami. Ba kuma duka ashirin ɗin za su ɗore ba, in kika sami rabinsu suna yi bayan shekara kin yi nasara, daga cikinsu za ki fitar da jagororin bita ta gaba. Wanda ya nuna hazaƙa ta musamman, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos da ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wajen neman jagora kuma ki fara tuntuɓar kwalejojin ilimi na kusa, kamar ta tarayya da ke Gombe da ta Billiri da ta Azare, ki haɗa malamin da ya san aji da mai ɗaukar hoto na gari da ya san waya. Duk wanda za ki ɗauka ki tambaye shi yadda zai koyar da yara 80 a minti 40 ba wuta ba majigi, ki kuma ce ya nuna miki a aji kafin a yi maganar kuɗi.